Kakar da muka karɓi kuɗi a maimakon gero

Ni ne magatakardan rumbun al'umma na garinmu a ƙasar Gumel, kuma har yau raina yakan ɓaci idan na tuna shekarar 2023. Mun shiga daminar shekarar da buhu sittin na gero a ɗakin ajiya, muka shiga ta 2024 da talatin da 'yan kai. Ɓarawo bai fasa ɗakin ba, gara ba ta taɓa ko buhu ɗaya ba, kuma mutane sun biya bashinsu kusan kaf. Abin da ya cinye mana kusan rabin rumbu shi ne mun karɓi biyan da kuɗi, muka ajiye a akwati muna jiran farashi ya sauka.

Wanda bai zauna a karkara ba yakan ɗauka rashin noma ne ke kawo yunwa. A wajenmu manomi ne da kansa ke kwana da ita. Da kaka ta yi, bashin taki na jiransa, ga kuɗin makaranta, ga auren 'ya, ga magani. Ranar Alhamis sai ya ɗora gero a amalanke zuwa Maigatari ya sayar a lokacin da kowa ke sayarwa, motoci su kwashe zuwa Dawanau. Watan Yuli geron nan ya dawo masa da tsadar da ba zai iya ba. Sai ya bar gonarsa da ciyawa ya tafi ƙwadago a gonar wani don abin da za a ɗora a tukunya ranar. Maimai ya wuce shi, amfaninsa ya ragu, baɗi rumbunsa ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka. A gida kuwa kwaɗon tafasa da rama ake yi safe da yamma, kuma a watannin nan ne ake yawan ɗaukar yara zuwa asibiti saboda tamowa. Abin da muka kafa rumbun don shi ke nan: magidanci ya samu tiya goma a tsakiyar damina, ya tsaya a gonarsa har a fara cin tumu.

Da farko tsarin shi ne ka ari tiya goma ka mayar da goma sha ɗaya. Liman ya ce sam, wannan riba ce, kuma gaskiyarsa. Sai kwamiti ya fito da wata dabara: a sayar wa mutum bashi a ƙasa kaɗan da farashin kasuwa na ranar, ya biya kuɗi da kaka, mu kuma mu sayi gero da araha. A 2022 lissafin ya fita, har buhuna suka ƙaru, aka yi ta sa mana albarka. Ba wanda ya tsaya ya duba daga ina ƙarin ya fito. Daga gonar talakan nan ya fito, domin sai ya sayar da fiye da abin da ya karɓa kafin ya haɗa kuɗinmu. Wato abin da muke zargin 'yan sari da shi, shi muke yi, sai dai namu da sauƙi-sauƙi.

Sai 2023 ta zo. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, naira ta yi ta faɗuwa. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe iyaka, kasuwar Maigatari ta rikice. Da aka yanke gero farashi ya ɗan sassauta, amma bai sauka yadda aka saba ba. Kuɗi ya taru a hannun ma'aji. A zaman da muka yi a zauren dagaci, wasu suka ce a saya yanzu ko da tsada. Dattawan da suka fi mu daɗewa a harkar hatsi suka ce a dakata zuwa Disamba, idan dawa ta shigo kowa ya yi sussuka dole ya karye, tun suna yara haka yake. Wannan magana ce ta yi rinjaye.

Disamba ta zo bai karye ba. Duk Alhamis ma'aji zai dawo da labarin an ƙara. Mafi ciwon abin shi ne kowane ƙari sai ya zama hujjar ƙara jira: wa zai saya yau a kan abin da ya ƙi saya makon jiya da rahusa? Sai a Fabrairun 2024, lokacin da aka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a Minna, masu gurasa kuma suka fito a Kano, muka haƙura muka saya. Kuɗin buhu sittin bai sayo mana ko arba'in ba.

Kawuna da ke zaune a Dungas, ƙetaren iyaka, ya zo ta'aziyya garinmu bayan an buɗe boda, na ba shi labari. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ai da kun tambaye mu. Bankin cimaka, wato rumbu irin naku, nawa muka gani ya mutu a kan haka. Kuɗi ba ya kwana a rumbu." Ya tuna mini da 2005, lokacin da yunwa ta yi wa yankin Maraɗi da Damagaram mugun kamu alhali kasuwanni ba su rasa hatsi ba, kuɗin saya ne babu a hannun mutane. Har yanzu maganar tana yi mini zafi, domin tsakaninmu da masu wannan ilimin tafiyar babur ce.

Daminar 2024 kuwa ita ce wadda aka fi bukatar rumbun. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar shekarar. Muka rage rabo daga tiya goma zuwa biyar, duk da haka bai zagaya ba. Ni ke kiran suna. Da awo ya ƙare akwai wani dattijo tsugune a bakin ƙofa da buhunsa a ninke a hammata, wanda bara shi ne ya fara kawo kuɗinsa cif. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ya ƙare." Ya miƙe ya ce, "Ba komai Malam, Allah Ya kawo mai albarka." Bayan kwana biyu na gan shi da fartanya a gonar wani, tasa kuwa ciyawa ta kusa rufe geron. Tiya goman da ya rasa tana cikin buhunan da jira ya cinye.

Tun daga nan muka sake tsari. Tiya aka ba ka, tiya za ka mayar, ba ƙari ko tsaba ɗaya, kuma ba a rubuta naira a shafin bashi. Abin da zai ƙara rumbu daga gonar gayya yake fitowa, wadda dagaci ya ba mu aro, sai gudummawar masu hali da kaka. Tiyar awo guda ɗaya ce, mun shafa mata jan fenti, da ita ake bayarwa da ita ake karɓa, domin rigimar tiyar gida da tiyar kasuwa ta isa ta raba gari. Kafin a zuba geron kowa sai an damƙo daga tsakiyar buhu an tauna. Idan bai yi ƙaras a haƙori ba, a koma a ƙara shanya. Waken gonar gayya a buhun PICS muke sa shi, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, a matse iska a ɗaure kowanne daban, ba ruwanmu da zuba maganin ƙwari a abin da yara za su ci. Mun kuma sa mata biyu a kwamiti, su ne suka san gidan da ba a hura wuta ba jiya, magidanci ba zai faɗa a zaure ba. Idan wani ya kawo gudummawar kuɗi, Alhamis ɗin farko ake mayar da ita hatsi, ko farashi ya yi mana daɗi ko bai yi ba.

An gwada mu a kan wannan. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da janye haraji na kwana 150 a kan shigo da masara da alkama da shinkafa da wake, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauko sosai. Wani ɗan kwamiti ya ce mini, "Ka gani ko? Da kuɗi ne a hannunmu yanzu da mun cika ɗaki." Na ce masa, Alhaji, wannan lissafin ne ya kai mu inda muke. Faɗuwar farashin ma ta bugi manomin da ya sayi taki da tsada, amma bashinsa na rumbu bai motsa ba, tiya goma ce jiya, tiya goma ce yau.

Rumbu irin namu yana aiki ne inda ake iya zuwa gona. A sassan Zamfara da Katsina inda 'yan bindiga ke sa wa manoma haraji kafin su shuka ko su girbe, babu abin da za a tara. Haka wanda ruwa ya shafe, kamar yadda dam ɗin Alau ya yi wa Maiduguri a Satumbar 2024, ko mutanen sansanin Zamzam a Darfur da yaƙi ya tsare har aka ayyana yunwa a can a Agustan shekarar. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 733 suka yi fama da yunwa a 2023. Wannan aikin hukumomi ne, na tsaro da hanya da ruwan noman rani. Abin da nake roƙonsu a namu ɓangaren ƙarami ne: duk hatsin da za su raba ya iso a watan Yuni, lokacin da zai tsayar da mutum a gonarsa, ba bayan an fara yanke sabo ba.

Buhunanmu sun haura hamsin yanzu, ba mu koma sittin ba tukuna. Maganar da ke gabanmu ita ce ta waɗanda gonarsu ba ta yi ba, ba su da geron mayarwa. Wasu na cewa a yafe, wasu na cewa idan aka yafe wa ɗaya baɗi babu mai biya. Shawarar da zan kai zaman wata mai zuwa ita ce a ɗaga musu zuwa kaka ta gaba, wanda yake da ƙarfi ya rage da aiki a gonar gayya, tsofaffi da zawarawa kuma masu fitar da zakkar amfanin gona su ba su abin da za su biya da shi.