Asabar a bakin matsirgar Zambezi

Taron da ya kawo mu garin Livingstone na ƙasar Zambiya ya ƙare jiya, jirginmu kuma sai gobe, shi ya sa na sa sunana cikin masu zuwa tsibirin da ke bakin matsirgar Biktoriya. Bayan sallar asuba da ɗan karin kumallo mota ta sauke mu a gaɓar kogin Zambezi, inda ƙaramin jirgi mai inji yake jiranmu. Tun daga nan ake hango farin feshi yana tashi sama, ana jin rugugi ƙasa-ƙasa. Mutanen nan Mosi-oa-Tunya suke ce wa wurin, jagoranmu ma da shi ya riƙa kiransa har muka rabu.

Tafiyar 'yan mintuna ce, sai dai ba miƙewa ake yi ba. Oktoba ce, ruwa ya ja baya, baƙaƙen duwatsu sun fito fili ko'ina, matuƙin yana ratsa tsakaninsu ba ya ko rage hira. A tsibirin aka tarbe mu da maheu, abin sha na masara mai ɗan tsami, ɗan'uwan kunu. Aka nuna mana inda David Livingstone, Bature mai yawon binciken ƙasa, ya tsaya ya leƙa kwarin a watan Nuwamba na 1855, ya raɗa wa matsirgar sunan sarauniyar Ingila. Mutanen yankin ne suka tuƙo shi cikin kwale-kwale har wannan tsibiri, ga shi yau tsibirin da garin duka sunansa suke amsawa. Abin ya tsaya mini a rai.

Sai batun shiga ruwa. Gurbin da ake kira Devil's Pool ba a jikin tsibirin yake ba, dole a yi iyo a tsallaka wani reshe na kogin. Jagoran ya tsayar da mu ya yi bayani dalla-dalla: kada kowa ya nufi dutsen kai tsaye, a fuskanci inda ruwa ke fitowa, a bar shi ya karkato da mutum a hankali. An ɗaura igiya daga ƙasa saboda wanda ruwa ya fi ƙarfinsa. Na yi bisimilla na bi bayansa. Ƙarfin ruwan nan a ƙirji ake jin sa, yana jan mutum ba tsayawa, amma duk inda jagoran ya ce a taka, sai ƙafa ta samu dutse.

Abin da ke riƙe mutum a gurbin wata katangar dutse ce a ƙarƙashin ruwa, daidai bakin gangaren. Da rani ruwan da ke bi ta kanta kaɗan ne, sai mutum ya jingina da ita ya zauna lafiya. Idan kogi ya cika, musamman wajen Afrilu, ba mai kusantar wurin. Yawanci daga Agusta zuwa Janairu ake buɗewa, shi ma sai an duba tsayin ruwa.

Muna zaune ƙananan kifaye suna ta tsakurar ƙafafunmu, aka fara kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina na kwanta rubda ciki a kan katangar, jagoran ya damƙe idon sawuna biyu ya ce, “Matsa gaba, ina riƙe da kai.” Na leƙa. Ruwa yana wucewa ta gefen kafaɗuna yana faɗawa ƙasa kusan mita 100, ba a ganin gindin kwarin saboda feshi, ga bakan gizo a ƙasa da ni. Faɗin matsirgar mita 1,708 ne, daga Zambiya har Zimbabuwe, can tsallaken kwari kuwa mutane ne tsaye suna ɗago mana hannu. Bakina ba abin da yake fita sai subhanallah.

Jagora na biyu yana tsaye a kan bakin dutsen ba takalmi, da wayoyinmu a hannu, yana ɗaukar hoto. Hotunan sun yi kyau ƙwarai, amma na lura a cikinsu duka an yanke hannun da ke riƙe da ƙafar mutum, sai ka rantse shi kaɗai ya je ya kwanta a wurin. Wannan bai yi mini ba. Waɗannan samari sun san kowane dutse da kowace kwana ta ruwan, kullum suna sa ransu a bakin gangare domin baƙo ya koma gida lafiya.

Da muka dawo tsibiri na roƙi su biyun mu tsaya tare a ɗauke mu, na kuma ba su abin da ya sawwaƙa. Wannan hoton na fara tura wa uwargida da yamma, kafin na bakin matsirgar. Ta amsa da cewa in yi musu godiya a madadinta, kuma kada Hajiya ta ga na biyun sai na iso gida.