Ɗaurin kawo wuƙa ranar Asabar

Duk safiyar da na durƙusa zan sa wa Baba safa, sai idona ya faɗa kan tabon da ke gefen ƙaramin yatsansa na ƙafar hagu. Ni na jawo masa shi, da ƙulli guda ɗaya da na ƙara a igiyar takalminsa.

Aikin kula da tsofaffi nake yi a Landan. Baba Bayahude ne mai riƙo da addini sosai, ya haura tamanin, yana fama da ciwon suga, kuma shi kaɗai yake zaune a unguwar Golders Green. Sau biyu nake zuwa masa a rana, da safe da kuma lokacin kwanciya. Ranar da na fara aiki 'yarsa ta lissafa mini dokokin Asabar: ban da taɓa makunnin fitila, ban da kunna murhu, shi kuma ba ya ɗaukar waya daga faɗuwar ranar Juma'a har taurari su fito daren Asabar. Na riƙe su daram. Wata huɗu ba a taɓa samuna da kuskure ba, har na ɗauka na gama sanin gidan. Babu wanda ya ce da ni komai a kan igiya.

Wata Laraba a ƙarshen watan Yuni igiyar takalminsa ta kwance a bakin ƙofa, ya taka ta, saura ƙiris ya kifa. Duk wanda ya yi horon wannan aiki ya san yadda ake tsoratar da mu da faɗuwar tsoho. Saboda haka da Asabar ta zo, maƙwabcinsa na tsaye yana jira ya raka shi wurin ibada, na ɗaura takalmin yadda na saba, sannan na kama kunnuwan nan biyu na sake ƙulle su, na ja iya ƙarfina. Shi hankalinsa na kan maƙwabcin. Na tafi ina jin na yi abin kirki.

Ƙarfe 8 na dare na dawo. Al'adarsa in ya ci abincin rana sai ya ɗora ƙafa a kan 'yar kujera, ya ja bakin igiya, takalmi ya saki, ya kwanta ya miƙe ƙafafu sama saboda kumburi. Ran nan a zaune na same shi, takalma na ƙafarsa, idon sawunsa ya kumbura har ya rufe bakin takalmin. Na ce, “Baba, lafiya? Me ya hana a cire?” Ya nuna da yatsa ya ce, “Ƙulli biyu ne.” Niyyarsa ya jira Asabar ta fita, alhali a wannan lokaci na shekara sai wajen 10 da rabi take fita a Landan. Na sa farce, na sa haƙori, ƙulli ya ƙi, kumburin ya ƙara tamke shi. Na ɗauko almakashi. Bai ce in yanke ba, bai ce in bari ba, kau da kai kawai ya yi. Awa goma sha ɗaya ƙafar mai ciwon suga na matse. Bororon da na gani a yatsan ya fashe ya zama gyambo, sai da nas ta yi mako bakwai tana zuwa wanki kafin ya kame.

Washegari 'yarsa ta zo, ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, “Kai ba Bayahude ba ne, ka ɗaura abin da ka ga dama ba ka da laifi. Amma duk abin da ka ɗaura, shi zai kwance.” Nan ne inda na ɓata. Na ɗauka tunda dokar ba ta hau kaina ba, hannuna ba ya cikinta.

Mijinta ne, wanda ya yi karatun addini mai zurfi, ya zaunar da ni daga baya ya buɗe littafi. Mishna, tsohon littafin dokokin Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, ta lissafa ayyuka 39 da aka hana ranar Asabar, ɗauri ɗaya ne a ciki, kwancewa kuma wani ɗaya ne mai zaman kansa. Asalinsu ayyukan da aka yi ne wajen haɗa tantin ibada a hamada zamanin Annabi Musa, kuma Talmud, wato sharhin malamansu a kan Mishna, ya danganta ƙulli da masu ɗaura taru suna kwancewa don kama wata halittar ruwa da ake samun shuɗin rini daga jikinta. Da ya ambaci taru da Asabar sai raina ya tafi Suratul A'araf, ga mutanen garin nan na bakin teku da kifinsu. Ban ce masa komai ba, amma na ƙara gyara zama.

Babi na 15 na sashen Asabar a Mishna ya buɗe da ƙulli biyu da aka haramta kai tsaye: na masu raƙuma da na masu jirgin ruwa. Wannan ban sha wahalar ganewa ba, na taso ina ganin raƙuma a kasuwa. Malamansu sun bambanta tsakanin ƙullin zoben da ke hancin raƙumi, wanda in an yi shi ke nan har abada, da ƙullin akalar da ake ɗaurawa a jikin zoben yau a kwance gobe. Na farkon shi ne babban laifi, na biyun ma an hana, amma bai kai shi ba. A babin nan dai aka yarda mace ta ɗaura wuyan rigarta, a ɗaura igiyar takalmi, a ɗaure bakin salkar mai. Har guga an yi maganarta: a ɗaura ta da ɗamara, ban da igiya, don mai ɗamara zai dawo ya kwance abarsa, igiya kuwa a jikin guga za a bar ta.

To me ya sa nawa ƙullin ya zama matsala, tunda takalmi ne kuma a ranar za a cire? Ya ce nan malamai suka rabu. Musa bin Maimun yana ganin sai ƙulli ya haɗa abu biyu kafin ya zama cikakken haramun: ya kasance na gwanaye masu sana'a, kuma an yi shi don ya dawwama. Rashi na Faransa kuwa tsawon zaman ƙullin kawai yake dubawa. Babban littafin hukuncinsu, Shulhan Aruk na Yusuf Karo, wanda aka buga a Venis a 1565, ya kawo maganar a sashe na 317, sai Musa Isserles na birnin Krakow ya yi ƙari a kai, kuma shi Yahudawan da suka fito daga gabashin Turai irin su Baba suke bi. Ya kawo cewa wasu na ɗaukar duk ƙullin da ba a ranar za a kwance shi ba a matsayin dawwamamme, wasu kuma sun ba da har kwana bakwai. Sannan ya ce tunda ba a tantance wane ne ƙullin gwanaye ba, a guji ƙulli a kan ƙulli. Abin da na yi ke nan daidai, har da ja da ƙarfi.

Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne a wannan wurin dai aka sassauta a kwance irin wannan ƙulli in akwai wahala ko ciwo. Surukin ya faɗa wa Baba haka a gabana, ya ƙara da cewa mai ciwon suga da ƙafarsa ke cikin haɗari ba ya ma buƙatar dogon bincike, kuma ya halatta ya nemi wanda ba Bayahude ba ya taimake shi. Baba ya ce ai bai ji wani zafi ba. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro: ciwon ya riga ya kashe masa jin ƙafa. Yana ta jiran zafin da zai ba shi izini, zafin kuwa ba zai zo ba. Na ji haushinsa, na ji haushin iyalin da suka koya mini fitila da murhu suka manta da igiya. Amma kuma ni na canza yadda ake yin abu a jikin mutum ban tambaye shi ba, kuma wannan ko a gidan wa kake aiki kuskure ne.

Wanda aiki ya kai shi irin wannan gida, ya tsaya a kan ɗaurin da aka saba: ƙulli ɗaya, a ɗora masa kunnuwa, yadda in an ja baki zai warware kamar mazagin wando. Shi ma da sharaɗin a kwance shi kafin kwana ɗaya ya cika, don haka kar a zare takalmi da daddare a bar shi a ɗaure, a kwance igiyar tukuna. Ledar shara ma ta shiga ciki, don ita in an ƙulle ta ba mai kwancewa. Ni da na saba murɗe wuyan leda in zagayo da shi in cusa in ja, ashe wannan ƙulli guda da ake yi a jikin abu ɗaya hukuncin ƙulli biyu gare shi, saboda yadda yake kamawa. A gidan Baba yanzu ranar Asabar sai in haɗa bakin ledar biyu sau ɗaya sakwa-sakwa, ko in bar ta sai dare. Kuma in tsoron faɗuwa ne ya dame ka, kamar yadda ya dame ni, ka kai maganar ga iyalin tun ranar Laraba, kar ka yanke hukunci kai kaɗai da safiyar Asabar.

Sun saya masa takalmi mai mannewa irin na Velcro, yana sa shi sauran ranaku. Amma ranar Asabar ya ƙi, baƙin takalminsa mai igiya yake so ya shiga wurin ibada da shi. An canza masa igiya mai faɗi wadda ba ta saurin zamewa. In na ɗaura sai in ɗaga ƙafar in ɗora a kan 'yar kujerar, in ce, “Baba, a gwada.” Ya miƙa hannu ya ja baki ɗaya, ta warware. Sai in sake ɗaurawa a kan idonsa, sannan in buɗe wa maƙwabcin ƙofa.