Abin da littafin cajin mota ya koya mini a Samaru

A shekarar da nake binciken kammala digiri a fannin injiniyan lantarki, malamina ya haɗa ni da wani dattijo a Samarun Zariya wanda ya sayi motar lantarki ƙirar Nissan Leaf ta hannu bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Aikin da aka ɗora mini shi ne in riƙa rubuta wutar da motar take sha da nisan da take yi, domin a gano nawa kilomita ɗaya yake ci a aljihun mai ita. Na ja layuka a littafi na ware gurbin kwanan wata, da na kilomita, da na kason batir kafin caji da bayansa, ina ganin cikin wata guda zan kammala.

Kuskurena na farko shi ne amincewa da allon motar shi kaɗai. Sai da na saka ƙaramar mita tsakanin soket da wayar caji na ga cewa abin da ke fita daga bango ya zarce abin da ke isa batir, domin na'urar da ke cikin motar tana juya wutar gida zuwa irin wadda batir yake ajiyewa, kuma wani kaso yana salwanta a matsayin zafi. A cajin soket na gida, asarar takan haura kashi 10 cikin 100, tunda na'urorin motar suna zama a kunne tsawon dare suna cin nasu rabon. Yunit ɗaya na mitar gida shi ne kilowat-awa ɗaya, kuma shi ake biya wa kuɗi, ko ya shiga batir ko bai shiga ba. Da aka ɗaga farashin wutar Band A, wato rukunin masu amfani da wuta da aka fi ba su awanni, zuwa Naira 225 a kowane yunit a watan Afrilun 2024, na ƙara fahimtar cewa lissafin da bai faro daga bango ba yaudarar mai mota ne kawai.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne tsawon lokacin caji. Wani dare motar ta cika cikin awa 7, wani daren kuma ta kusa kai awa 9, alhali kason da aka fara da shi ɗaya ne, har na fara zargin cajar ta samu matsala. Ashe ƙarfin wutar ne yake sauyawa. Caja mai jan amfiya 10 tana ba da kilowat 2.3 idan wuta ta cika bolt 230, amma idan ta yi rauni ta sauka zuwa 180, kamar yadda takan yi da magariba sa'ad da kowane gida ya kunna kayansa, sai ta koma kilowat 1.8. Duk wanda ya raba yunit 16 da motar take buƙata ta cika da waɗannan lambobi biyu zai samu bambancin awannin nan daidai. Daga nan na buɗe gurbin bolt, na kuma daina ƙirga awannin da aka ɗauke wuta a cikin lokacin caji.

Akwai wani mako da alƙalumana suka nuna motar ta yi tafiya mai nisa da wuta ƙalilan, na yi murna ƙwarai, na kai wa dattijon littafin bayan la'asar. Ya gyara tabarau, ya bi layin da yatsa, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, ai ranar Laraba ba mu da wuta, da janareta muka yi cajin, kuma wayar ba ta bi ta mitarka ba." Na ce, "Baba, da kun sanar da ni tun ranar." Ya ce bai ɗauka abin rubutawa ba ne, kuma gaskiyarsa, domin ban bar masa wurin da zai rubuta ba. Ranar na ƙara gurbi mai faɗi a ƙarshen kowane layi don bayani, kuma daga baya shi ne gurbin da na fi komawa gare shi.

Da wannan gurbin na gane dalilin da ya sa zirga-zirgar cikin gari, daga Samaru ta Kwangila zuwa Sabon Gari, take cin wuta kaɗan a kowane kilomita duk da cunkoso, saɓanin abin da muka saba gani a motar fetur. Idan direba ya ɗaga ƙafa ko ya taka birki a hankali, injin yana komawa janareta ya mayar da wani abu cikin batir. A hanyar Kaduna kuwa, mai kusan kilomita 80, iska ce abokiyar gaba, domin ƙarin gudu daga kilomita 80 zuwa 100 a awa yana ƙara turjiyarta da fiye da rabi. Sai kuma na'urar sanyaya mota, wadda tasirinta ya fito fili a layukan Maris da Afrilu.

Kason batir ma ba mudu ba ne mai auna abu ɗaya kullum. Leaf ta farko ta zo da batir mai kilowat-awa 24 wanda ba a sanyaya shi da ruwa, zafi kuma yana saurin tsufar da shi, don haka kashi 50 na yau bai kai kashi 50 na lokacin da take sabuwa ba. Sai da na jona na'urar karatu a mahaɗar OBD, wato soket ɗin binciken lafiyar mota da ke ƙarƙashin sitiyari, na samu ainihin lafiyar batirin.

A rahoton ƙarshe na ƙi bayar da matsakaici guda ɗaya, ko da yake shi aka fara nema a wurina. Na bayar da lamba uku, ta cikin gari, da ta babbar hanya, da ta bazara, kowacce an auno ta daga bango, kuma a ƙarƙashin kowacce na lissafa ranakun da na cire tare da dalilin cire su.