Babu ruwan ɗorawa a cikin wayarka

Buɗe farin shafi a wayarka ka ƙure haske, sai ka ɗiga ruwa a kan gilashin, ɗigo ɗaya fa ɗan mitsitsi, ban ce ka yi mata wanka ba. Matso da ido. Za ka ga farin nan ya tarwatse ya koma ƴan fitilu ja da kore da shuɗi a jere reras. To iyakar abin da ke cikin sikirin kenan. Hoton adaidaita sahu da ka ɗauka kana ganin shi ruwan ɗorawa shar, wallahi ko ɗigon hasken ɗorawa babu a wajen, ja ne da kore suka kunnu gefe da gefe, idonka ne ya ƙarasa aikin.

Dalili kuwa, a can bayan ido akwai ƙwayoyin da ke gane kala, kusan miliyan 6, kuma iri uku ne kacal: masu jin ɓangaren ja, masu jin kore, da masu jin shuɗi. Hasken ɗorawa na gaske, wanda tsawon zangonsa, wato ma'aunin da ke bambanta kalar haske da wata, yake wajen nanomita 580 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), in ya shiga ido yana taɓa na ja da na kore ne lokaci guda, to in ka haska ja da kore tare ma su ɗin dai za ka taɓa, saƙo iri ɗaya ke isa ƙwaƙwalwa, ita kuma ba ta da yadda za ta bambance sai ta ce ɗorawa ce. Masanin kimiyya Thomas Young a Ingila ya hango cewa ƙwayoyin iri uku ne tun 1802, Helmholtz Bajamushe ya faɗaɗa maganar, sai a 1861 wani masanin, Maxwell, ya haɗa hasken fitilu uku, ja da kore da shuɗi, a bango ya fito da hoto mai kala. Tsuntsaye da yawa iri huɗu gare su, kare kuma biyu, ka ga kenan talabijin ɗinka daidai idon ɗan Adam aka ɗinka ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda injiniyoyi suka gano inda ido ke da sakaci suka dinga tsimi a wajen. Ido ya fi lura da haske da duhu fiye da kala, kuma a lissafin hasken bidiyo na HD kore ke ɗaukar kusan kashi 72 cikin 100, ja 21, shuɗi 7 tal. Shi ya sa tsarin jera ƴan matatun kala a cikin kyamara da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976, wanda har yau yawancin kyamarori ke kai, ya ninka kore sau biyu a kan kowanne daga cikin sauran. Irin sikirin ɗin wayoyin Samsung da ake kira AMOLED ma haka, ƴan fitilun kore sun fi yawa. Bidiyo da yawancin hotunan JPEG kuwa kashi uku cikin huɗu na bayanin kala suke zubarwa, ba wanda ya taɓa yin ƙorafi, sai dai in wani ya yi jan rubutu a kan baƙi a katin ɗaurin aure, ya bi ta WhatsApp hannu zuwa hannu, ka ga gefen haruffan ya jiƙe ya yi dama-dama, nan ne asirin ke tonuwa.

Shi ya sa tallan yawan fikzil, wato ƴan ɗigogin da ke haɗuwa su ba da hoto a sikirin, baya ɗaga min hankali. Lafiyayyen ido yana rarrabe kusan ɗigo 60 ne a kowane digiri ɗaya na kusurwar abin da yake kallo. A 2010 da Apple suka fito da iPhone 4 mai ɗigo 326 a kowane inci, hujjarsu ita ce a nisan da ake riƙe waya ido ya kusa kaiwa maƙura. Sony suka zo a 2015 suka cusa 4K a wayar inci 5.5, ɗigo sama da 800 a inci, don Allah wa zai gani? Batir ne kawai ke shan wahala.

Ni in zan sayi waya, tsakanin 60Hz da 120Hz, wato sau nawa sikirin ke sabunta hoto a sakan ɗaya, na yarda akwai bambanci, ja shafi sama da ƙasa da yatsa za ka gani da kanka. Amma abin da nake fara yi shi ne in ce wa mai shago ya bari in leƙa da ita bakin ƙofa cikin ranar azahar, in ga ko zan iya karanta saƙo ba tare da na kare ta da tafin hannu ba.