Mazarƙwailar Japan a wani teburi a Victoria Island

A daren Asabar da ta wuce wani abokin aikina, mutumin Kafanchan, ya gayyace ni wani gidan abincin Japanawa da ke Victoria Island domin mu yi bankwana da wani injiniya ɗan Japan da ya kammala aikinsa a Legas. Baƙon ya zo da kwalba tun daga ƙasarsu, masu gidan kuma suka amince a buɗe ta. Ni ba na shan barasa, kuma dukansu sun san haka, saboda haka aka kawo mini koren shayi, na zama ɗan kallo.

Abin da ke cikin kwalbar sunansa kokuto shochu, wata barasa da ake yi da baƙin sukarin rake, fara tas kamar ruwan sha. Baƙon ya zuba ruwan ɗumi a kofi tukuna, sannan ya tsiyaya barasar a kai, ƙamshi ya tashi har inda nake zaune. Abokina ya kurɓa a hankali, ya ci yankan ɗanyen kifi, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, na zaci zan ji zaƙi, amma babu ko kaɗan, kuma ba ta ƙona maƙogwaro kamar ogogoro." Dalili shi ne ana dafa ruwan ne a tara tururinsa, sukarin kuwa ba ya bin tururi, ƙamshinsa kaɗai ke tsallakewa. Ƙarfinta yakan tsaya tsakanin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari.

Abin da ya ja hankalina ya zo ne lokacin da baƙon ya fito da ɗan ƙullin sukarin da ake yin ta da shi, baƙi-baƙi, mai tauri, ya miƙo mini. Da na sa a baki sai na ji mazarƙwaila ce sak, irin wadda ake dafawa daga ruwan rake a Maƙarfi, wadda muke saye a hannun masu tebur a Agege ba tare da mun ko tambayi daga ina ta fito ba.

A tsibiran Amami kaɗai, cikin lardin Kagoshima da ke kudancin Japan, doka ta yarda a yi wannan barasa da wannan suna. Tsibiran sun kasance a hannun Amurka bayan yaƙin duniya na biyu har zuwa watan Disamba na 1953, kuma da suka koma hannun Japan sai hukumar haraji ta ba su izini na musamman, bisa sharaɗin a fara jiƙon da shinkafar da aka tsirar wa wata irin fumfuna mai suna koji, kafin a zuba narkakkiyar mazarƙwailar. Tarihin raken kansa akwai ɗaci a cikinsa, domin masarautar Satsuma, wadda ta ci tsibiran da yaƙi a 1609, daga baya ta tilasta wa mutanen noman rake tana karɓar sukarin a matsayin haraji.

Sai da na idar da labarin yadda a da ake ɗaura doki ya yi ta zagaya injin matse rake a ƙauyukanmu, baƙon ya ajiye kofinsa ya roƙi in samo masa tamu ya gwada. Washegari da safe na bi ta Agege na sayi curi shida, na aika masa otal kafin ya kama hanyar filin jirgi.