Tafiyata Zuwa Rioja Neman Tsohuwar Giyar Inabi Mai Sauƙin Kuɗi

Aikina a wani otal a Jos shi ne kula da abin sha na ɗakin cin abinci, kuma a cikin duk abin da nake saye babu mai ba ni wahala kamar jar giyar inabi. Na san mafi yawan masu karanta Hausa Musulmi ne waɗanda addininsu ya haramta musu giya, ina kuma girmama hakan ƙwarai. Ni Kirista ne, sana'a ce ta haɗa ni da wannan fanni, kuma baƙin da nake yi wa hidima sukan nemi kwalbar da ta kwana biyu, wadda baurinta ya kwanta, ƙamshinta ya fito. Matsalar ita ce tsohuwar giya ta Faransa kuɗinta ya fi ƙarfin otal irin namu, ita kuwa sabuwa mai araha sai an ajiye ta shekaru kafin ta yi daɗi, mu kuma ba mu da wurin ajiya ko jarin da za mu binne mu zauna jira. Wannan ne ya sa da ƙanena mai aiki a Bilbao, wani birni a Sifaniya, ya gayyace ni, na roƙi maigidana ya bar ni in haɗa ziyarar da leƙa Rioja, yankin arewacin Sifaniya da ya yi suna wajen sayar da giyar da ta riga ta nuna.

Mun tashi daga Bilbao a motar bas cikin watan Oktoba, tafiyar kamar awa ɗaya ce zuwa garin Haro da ke Rioja. Da farko hanyar cikin duwatsu masu ciyawa shar take bi, ga hazo da yayyafi, amma da muka ratsa mashigar da ake kira Conchas de Haro, inda kogin Ebro ya tsaga dutse ya shiga Rioja, sai gari ya washe, ƙasa ta koma ja-ja da fari-fari, gonakin inabi suka shimfiɗu hagu da dama. Ƙanena ya nuna mini jerin duwatsun Sierra de Cantabria ta arewa, ya ce su ne ke tare ruwan sama da sanyin da ke tasowa daga teku, shi ya sa inabi ke nuna a nan. Kaka ta kusa ƙarewa, ganyaye sun fara ja, taraktoci kuma suna ta jan tireloli cike da inabin Tempranillo, wanda shi ne ginshiƙin jar giyar yankin, ana haɗa shi da Garnacha da Graciano da Mazuelo.

Haro ƙaramin gari ne, amma a gindinsa akwai unguwar tashar jirgin ƙasa, Barrio de la Estación, inda tsofaffin gidajen giya suka jeru ƙofa da ƙofa. Tarihin unguwar shi ne mabuɗin fahimtar abin da na je nema. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwa da ake kira filoksera ya halaka gonakin inabin Faransa, sai 'yan kasuwar Bordeaux, birnin Faransa da ya yi suna da giya, suka tsallako suna neman giyar da za su cike giɓi. A lokacin layin dogo ya riga ya haɗa Haro da tashar ruwa ta Bilbao, don haka masu jari suka gina rumbunansu dab da tashar. Cikin gidajen giyar nan, an kafa López de Heredia a 1877, CVNE a 1879, La Rioja Alta a 1890, Bodegas Bilbaínas kuma a 1901. Daga Faransawa suka koyi ajiye giya a gangar katakon oak mai cin lita 225, sai dai su sun fi son katakon Amurka, kuma sun wuce malamansu wajen haƙuri. A Bordeaux manyan gidaje kan sayar da giyarsu tun tana cikin ganga, mai saye ne zai ɗauki nauyin jiran shekaru. A Rioja kuwa al'adar tsofaffin gidaje ita ce su riƙe kayansu har sai sun ga ya kai a sha, sannan su fitar da shi kasuwa.

A ɗaya daga cikin waɗannan gidaje aka zagaya da mu ƙarƙashin ƙasa, kuma nan ne na fi daɗewa. Sanyi ne mai laima, bango ya yi baƙi da fumfuna, gangunan an jera su hawa-hawa har idonka ya kasa kaiwa ƙarshe. Mun iske ma'aikata biyu suna juye giya daga wata ganga zuwa wata, aikin da sukan maimaita kamar kowane wata shida. Ɗayansu ya kunna kyandir ya ajiye a gindin ganga, yana tarar giyar a ƙaramin kofin gilashi yana ɗaga shi saitin hasken. Muddin tana fitowa garau sai ya bar ta ta ci gaba da zuba, da ya ga ta fara gurɓacewa sai ya ɗaga hannu, abokinsa ya toshe, lakar da ta kwanta a gindi ta tsaya a tsohuwar ganga. Na tsaya ina lissafi a zuci: ga kuɗin ganga, ga albashin waɗannan mutane shekara da shekaru, ga abin da katako ke tsotsewa yana bin iska, ga jarin da ke kwance ba ya juyawa. Duk wannan gidan ne ya ɗauka, kuma abin da ya ɗora a kan kwalba bai kai abin da ni zan kashe ba in da ni zan yi jiran.

Mai yi mana jagora, wata mata da ta daɗe a aikin, ta juya kwalba ta nuna mini ƙaramin tambarin da ke bayanta, ta ce wanda ba shi da kuɗin ɓarnatarwa daga nan ya kamata ya fara karatu. Hukumar da ke kula da sunan Rioja, wadda ofishinta ke Logroño, ita ke bayar da tambarin, kuma launinsa na nuna tsawon ajiya. Ja shi ne Crianza, shekara 2 ke nan, aƙalla 1 a ganga. Ja mai duhu shi ne Reserva, shekara 3, aƙalla 1 a ganga da wata 6 a kwalba. Shuɗi shi ne Gran Reserva, shekara 5, aƙalla 2 a ganga da 2 a kwalba. Kore kuwa yana tabbatar da asali da shekarar girbi kawai. Waɗannan mafi ƙarancin abin da doka ta nema ne, tsofaffin gidaje sukan zarce su nesa, misali Viña Tondonia Reserva ta López de Heredia tana yin shekara 6 a ganga kafin ma ta shiga kwalba. An amince da sunan Rioja a hukumance tun 1925, a 1991 kuma ya zama yanki na farko a Sifaniya da ya sami matsayi mafi girma na kariyar suna.

Da muka zauna ɗanɗanawa aka jera mana kofi uku daga gida ɗaya. Sabuwar launinta ja ne mai duhu har bakin kofi, baurinta yana kama harshe kamar na ɗanyen goro. Reserva mai shekara bakwai ta yi laushi, gefenta ya fara komawa launin jan bulo, ƙamshin busassun 'ya'yan itace da ɗan na kwakwa da katakon Amurka ke bayarwa suna tashi. Gran Reserva ta fi su duka sanyin hali, da ƙamshin jemammiyar fata da ganyen taba, kuma ɗanɗanonta yana daɗewa a baki. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, ai ta ukun nan za ka ɗiba." Na ce masa a'a, ta biyun ce tawa, domin kuɗinta bai kai rabin na ta ukun ba, kuma yawancin baƙinmu da gasasshen nama ko farfesu suke sha, abinci mai yaji da maiƙo wanda zai danne sanyin halin Gran Reserva, alhali Reserva tana da sauran ƙarfin da za ta tsaya masa. Har yanzu ra'ayina ke nan, cewa mai matsakaicin aljihu ya fi samun riba a Reserva ta gida mai mutunci. A shagunan Haro na ga irinta da dama tsakanin yuro 12 da 30.

Daga Haro muka tsallaka Ebro zuwa ɓangaren Rioja Alavesa. A Elciego mun tsaya mun kalli otal ɗin gidan giya na Marqués de Riscal mai rufin ƙarfe a murɗe, wanda mai zanen gine-gine Frank Gehry ya zana aka buɗe a 2006, sannan muka wuce Laguardia, tsohon gari mai ganuwa a kan tudu, wanda ƙarƙashin gidajensa duk ramukan ajiyar giya ne, har ba a barin motoci su shiga cikinsa. A wani ƙaramin shago a can na haɗu da dattijon da ya gyara mini fahimta game da tambarin. Ya ce tambari yana ba da shaidar lokaci, amma ba ya ba da shaidar inabin da aka zuba a gangar. Akwai manyan kamfanoni da ke cika sharaɗin shekara 5 da inabi marar ƙarfi, su manna shuɗin tambari su sayar a kantuna da arha, ka buɗe ka ji katako kawai da tsami. Akwai kuma ƙananan manoma da ke yin giya mai kyau ƙwarai su bar ta da koren tambari don ba sa son ƙa'idar ganga ta ɗaure su, har ma gidan Artadi na nan Laguardia ya fice daga tsarin baki ɗaya a ƙarshen 2015. Saboda haka, in ji shi, idan ka ga Gran Reserva da kuɗin Crianza, ka tambayi kanka daga ina aka rage.

Na tambaye shi batun shekarar girbi, sai ya ɗauko takardar da hukumar ke fitarwa kowace shekara. Shekarun 2001, 2004, 2005, 2010, 2011 da 2019 duk sun sami matakin ƙoli na kyan girbi, 2013 kuwa damina ce mai yawan ruwa da sanyi, a 2017 kuma sanyin ƙarshen Afrilu ya ƙone tohon inabi a gonaki da yawa. Shawararsa ita ce a shekara mai kyau ka sayi ƙaramar giyar gida, domin albarkar ta isa kowa, a shekara mai wuya kuma ka tsaya ga gidan da ka yarda da shi, domin sau da yawa idan bai fitar da babbar giyarsa ba, inabin da ya tanada mata yakan gangaro cikin ta ƙasa da ita.

Abin da ya fi amfanata shi ne yadda ya koya mini duba kwalbar kanta. Ya ɗauko wata daga bayan kanta ya tsayar da ita a gaban fitila, ya nuna mini cewa giyar da ba ta wuce shekara goma ko goma sha biyar ba ya kamata ta kasance har cikin wuyan kwalba, idan ta sauka zuwa kafaɗa to iska ta shiga. Ya sa na shafa babban yatsana a kan murfi, ya ce toshiyar ta zauna daidai da bakin kwalba, idan ta turo sama to zafi ya taɓa kumbura abin da ke ciki. Ya kuma ce in duba ko akwai busasshen tabo mai danƙo da ya gangaro daga ƙarƙashin murfi, in kuma guji duk kwalbar da ke tsaye a taga rana na dukanta. Da na gaya masa daga ina na fito da irin zafin tashar ruwan Legas da doguwar hanyar zuwa Filato, ya girgiza kai ya ce tsohuwar giya ta fi sabuwa rauni, kwana kaɗan a kwantena mai zafi ya isa ya dafa abin da aka yi shekara goma ana reno. Wannan magana ta dame ni, domin na sha ganin kwalabe masu tsada a tsaye a kantunanmu babu na'urar sanyaya ɗaki, ana sayar wa mutane da cikakken kuɗi alhali abin ciki ya riga ya mutu, mai saye kuma ya tafi yana zaton haka tsohuwar giya take.

Daren ƙarshe a Logroño muka yi shi, a Calle Laurel, lungun da ƙananan wuraren cin abinci suka cika, kowanne da abin da ya ƙware a kai. A nan kofin Crianza kuɗinsa kaɗan ne, don haka na sami damar gwada gidaje da yawa da gasasshen naman rago ba tare da na sayi kwalba ba, ina rubuta sunayen waɗanda suka dace da yaji a littafina. Washegari na naɗe 'yan kwalaben gwaji a cikin tufafi na sa a akwatin da za a loda a cikin jirgi, tun da ba a yarda a hau da su a jakar hannu ba.

Da na dawo Jos na miƙa wa maigidana jerin Reserva huɗu da Crianza biyu, tare da sharuɗɗan da na ce sai da su zan sa hannu a kan oda. Dillalin da zai kawo mana sai ya nuna shaidar cewa a kwantena mai sanyi kayan suka zo kuma suna da rajistar NAFDAC, za mu buɗe kwalba ɗaya daga kowane kwali kafin mu biya, sannan za a ware ɗaki marar taga a ƙasan bene inda kwalabe za su kwanta a gefensu cikin sanyin da bai wuce digiri 15 ba. Maigida ya yi jim da ya ji kuɗin na'urar sanyaya ɗakin, ya ce, "To, mu fara da kwali goma mu ga yadda baƙi za su karɓa." Dillali na farko ya ƙi yarda da sharaɗin buɗe kwalba, na biyu ya yarda, kuma da shi muke aiki yanzu.