Godiya bayan an sallamo mai ɗakina daga asibiti

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mai ɗakina ta dawo gida da ƙafafunta, kuma jaririyar tana nan lafiya lau.

Ga masu tambayar abin da ya faru: bayan suna ne ƙafafunta suka kumbura, ga tarin dare, ga numfashi na sarƙewa, har ta kai sai a zaune take barci. Kowa ya ce jego ne. Da aka yi mata hoton zuciya, likita ya ce tsokar zuciyar ce ta saki, ciwon da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin bayan haihuwa. Lafiyayyar zuciya kan tura fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu, tata kuwa ko kashi 30 cikin 100 ba ta kaiwa. A Turai ba kasafai ake ganinsa ba, amma a nan Arewa maso Yamma, binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta ya gano kusan 1 cikin kowace haihuwa 100.

Likitocin sashen zuciya da nas-nas, Allah Ya biya ku. Allurar Lasix ta sauke ruwan da ya taru a huhunta. Da aka hango gudan jini a cikin zuciyar, wanda in ya ɓalle zai iya jawo shanyewar ɓarin jiki, ba su ɓoye mana ba, suka ɗora ta a kan warfarin, maganin hana jini yin guda, ana ɗibar jini a kai a kai ana daidaita shi.

Amma godiyar da ta fi min nauyi ta surukata ce. Hajiya ta riga ta tanadi kanwa da itacen wankan jego tun cikin yana wata bakwai. Likita na cewa a daina kunun kanwa, a rage gishiri saboda suna tara ruwa a jiki, ba ta yi musu ba, ita ma ta koma cin miyar lami tare da 'yarta. Da aka ce kada a sake ɗaukar ciki sai zuciyar ta murmure, ita ta tare min surutun dangi. Hajiya, Allah Ya saka da Aljanna.

Ƙanwata da ta yi rainon jaririyar, abokan kasuwa da suka haɗa kuɗin magani, da jama'ar masallacinmu, Allah Ya bar zumunci.

Magani bai ƙare ba, akwai komawa asibiti don sake hoton. A ci gaba da sa ta a addu'a. Masu zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi mata sauƙi.